Jirgin da Ba Ya Tari

Ranar Asabar na kai Baba bakin Rima,
na biya kuɗin mutum biyu a wata rumfar kwano, ƙasa da Wamakko.
Shekara tara rabonsa da ruwa,
tun da yana ta rufe masa ido
ya jingine gwangwala bayan ɗaki, gara ta gaje ta.

Labbo, yaron da ke tuƙi,
ya ɗaura masa rigar ceto mai ruwan goro.
Baba ya shafa ta, ya shafa ta:
"Ni Arzika, da niy yi fito shekara arba'in,
yau ni anka ɗaure ma gora ga ƙirji?"
Wata malamar makaranta ta rufe baki da gyale.

Ya zauna ya karkata kunne,
yana jiran a ja igiya,
yana jiran tarin inji da warin fetur,
da girgizar da ke hawa ta katako har haƙori.
Shiru.
"Ɗiyata, yaushe za mu tashi?"
Na ce, Baba, ai gaɓa ta yi nisa.

Na kama hannunsa na ɗaga sama
ya taɓa gefen rumfar, inda faifan sola ke kwance
baƙi wuluk, yana shan hantsi.
Na ce, rana ce ke tura mu.
Ya daɗe bai ce komai ba.
"Ranag ga da ta soye min ƙeya tun ina yaro?
To, ta fara biyan bashi."

Daga nan gulbi ya dawo masa ta kunne.
Ya ji tarwaɗa ta bugi ruwa cikin burugu,
ya ji zalɓe ya tashi da nauyi, kamar mai ciwon baya,
ya ji birgi ya buɗe, ya faɗa,
ya ce mai jifan nan bahago ne.
Na duba. Bahagon ne.
Can hayi masu albasa na kiran juna,
muryarsu ta iso mana ba ta fashe ba.
Yaran da ke ɗaukar hoto suka sauke waya
suka matso kusa da tsohon.

"Yaro, karkata hagu, akwai tudun yashi gaba."
Labbo ya ce, Baba, ambaliya ta kwashe shi tun shekaranjiya da shekaru.
Baba ya sunkuyar da kai.
Na ga abin ya soke shi kamar ƙayar kurungu:
ashe gulbi ma ya yi ƙaura bai yi masa sallama ba.

Ya sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu,
yatsu a buɗe,
kamar mai laluben fuskar ɗan'uwa cikin duhu.
Can ya ce, "To, ba a kai shi nisa ba.
Saurara. Ruwa na magana sama-sama ga dama."
Labbo ya zura sanda. Taki biyu.
Ya juya kan jirgi bai ce uffan ba,
sai dai daga nan har muka juyo
duk kwana sai ya waiwayo ya tambaya.

Gajimare ya tare rana wajen la'asar,
jirgi bai ko ji ba,
yana cin abin da ya ɓoye tun safe.
Baba ya ce, "Wanga ya fi ni dabara,
ni ban taɓa aje ko kwabo ba."

Da muka sauka ya ƙi sakin igiya
sai da ya ɗaure ta da kansa, ƙulli ɗaya, irin nasu.
A hanya, cikin keke napep, hannun rigarsa na ɗiga a cinyata,
ya tambayi nawa na biya.
Na faɗa. Ya yi salati.
Muka wuce gada, muka wuce masu kifi.
Sai ya taɓa ni:
"Asabar mai zuwa ki gaya ma yaron nan
ya aje min wuri kusa da shi.
Bai san gulbi ba tukuna."