Sikelin Mama Zenaide

Yuli ne. Sanyi ya gangaro daga tuddan Santa Katarina,
raɓa ta daskare a kan kwanon ɗakin aladu.
Babana Ivanir na tsaye da ƙoƙon koren shayinsa,
yana zuƙa ta bututun ƙarfe, yana ƙirga:
arba'in da biyu, yayen kwana goma,
gashi a tsaitsaye kamar tsohon buroshi,
ciki ya cika, ƙashin baya a fili.

"Ƙara masara," in ji shi. "Ƙara soya.
Haka ubana ya yi, haka nasa uban,
tun ran da jirgi ya sauke mu daga Italiya."

Na ce, Baba, ba yunwar ciki ba ce.
Akwai kafinta a jikin kowannensu,
an jibge masa katako har ya toshe ƙofa,
ƙusa ce ta ƙare.

Sunan ƙusar metiyonin.
Tana da ƙanwa, sistin.
Su biyun ke dakon farar wuta a cikin jiki,
daga gare su gashi, daga gare su kofato,
da bangon hanjin da yaye ya raunata.
In an matsu, yayar kan rikiɗa ta zama ƙanwar,
ƙanwar kuwa ba ta taɓa rama bashin ba.
Soya, duk arzikinta, nan hannunta ya gaza.

Ya sunsuna buhun, ya yamutsa fuska.
"Shekara huɗu ina biyan makaranta, Neiva,
don ki kawo min garin da ke warin dafaffen kabeji?"

Muka raba garken biyu.
Dama nasa, hagu nawa.
Na aro sikelin da Mama Zenaide ke auna yis,
giram ɗaya da rabi a kowane kilo,
don inda laisin ya kai ɗari
su biyun su tsaya a bakin sittin.
Ɗan abin da iska za ta iya sacewa daga tafin hannu.

Kwana goma sha huɗu.
Muka rataya su ɗaya-ɗaya a buhu, suna tsala ihu.
Hagu ta wuce dama.
Gashi ya kwanta, baya ya yi faɗi.
Baba bai ce uffan ba,
ya dai daɗe yana goge tabarau.

Sai a mako na uku kwamin abinci ya daina ƙarewa.
Su zo, su sa hanci, su ja da baya,
har da na dama, waɗanda ban taɓa ba.
Na sake lissafi sau uku, ban ga kuskure ba.
Na ɗaga buhun farin garin,
na ji ya yi sakayau.

Ƙarfe biyun dare, hasken tocila a rumbu.
Ga shi nan cikin rigar barci da takalmin roba,
gwangwanin madara a hannu,
yana kamfata, yana zubawa, yana motsawa da gwiwar hannu
kamar mai tsoron kada a kama shi yana kyauta.

"Na ga yana yi musu," ya ce.
"Na so kowa ya samu da yawa."

Na tuna tuwon masarar da yake tula min ina ƙarama,
ina kuka na ƙoshi, yana ƙara cokali.
Gishiri ne, Baba. Miya na son sa,
miya ba ta son buhunsa.
Ban faɗa ba. Na riƙe masa tocilar
muka kwashe abincin daren nan gaba ɗaya.

Da asuba na ajiye sikelin a gabansa.
Ya sa tabarau, ya zuba,
allurar ta ɗan gota.
Ya tsaya.
Sannan da yatsu biyu, masu kaushin shekara sittin,
ya tsinci ɗan abin da ya yi yawa
ya mayar cikin buhu.

A bayan bango, arba'in da biyu
sun fara dukan ƙofa da hanci.