Talala

Wata uku ina bin takarda ɗaya.
Misis Kowalczyk ta ce sai shugaban kurkuku ya sa hannu,
shi kuma ya ce sai ta fara.
Ran wata Laraba ta turo mini ita, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Ka kasance a Flint kafin tara na dare.
Tara, Dashawn. Ba tara da minti ɗaya ba."

Ɗaurin talala ke nan:
igiyar doguwa ce, amma turken yana nan.

Daren jiya na yi awa biyu jingine da bango,
ni da munduwar gwamnati a soket ɗaya,
tana shan wuta a idon sawuna
kamar jaririn da ba ni na haifa ba.

Bas ta tashi gari bai waye ba.
Duk mata ne, da yara cikin kayan zuwa coci,
kowa da ledar da ake hango cikinta,
silalla na kuka a kan cinya.
Gonakin masara sun kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara.
Ba mai tambayar wani wa zai gani.

Ƙofar bincike ta yi ƙara, ta tona ni.
Ganduroba ya ɗage ƙafar wandona da bakin biro,
ya karanta takardar sau biyu.
"Ashe kai ma ɗan gida ne."
Na haɗiye amsar. Tana da ƙaya, amma ta wuce.

Sai ga Vernita.
Yayata, wadda ta koya mini ɗaure igiyar takalmi
a kan matakalar gidan da aka rushe bara.
Furfura ta fara mata daga hagu.
Runguma ɗaya aka yarda a farko, ɗaya a ƙarshe;
ta farkon mun kashe ta da sauri, kamar albashi.

Hannuwa a kan tebur, haka dokar take.
Na sayo mata burodi mai kaza daga inji,
ta ci a hankali, har ɓurɓushin.
Ta tambayi Imani, aji nawa, ko har yanzu tana tsoron kare.
Ta tambayi ciwon ƙafar Mama.
Wasiƙa ashirin na aiko mata,
babu wadda na ambaci alƙali a ciki.

A ƙarƙashin tebur takalminta ya taɓa shi,
abin nan mai tauri da na lulluɓe da safa biyu.
Ta daina tauna.

"Saura nawa?"
"Wata goma sha ɗaya."
"Ƙarfe nawa suke son ka?"
"Tara."

Daga nan agogon bango ya zama nata.
Ina magana, idonta na kansa.
Saura rabin awa a tashe mu ta miƙe tsaye:
"Tafi. Hanya da santsi.
Ƙane nake so, ba maƙwabci ba."

Rungumar ƙarshe ta gyara mini wuyan riga.

Tara saura kwata na sauka a Flint,
na ruga layi huɗu, iska na yankan kunne.
A bakin ƙofa na duƙa na duba:
koren haske na ƙiftawa.
Silalla bakwai suka rage a ledar.
Ban taɓa su ba.
Gobe zan fara neman wata takardar.