Kalmar da Ta Ƙi Haye Ruwa

Ƙarfe biyun dare a Kunming,
shayina ya huce har sau uku.
Ni ce da littafin wata Baturiya
da ta shekara tara tana bin kogi ɗaya
tun daga idonsa har inda ya faɗa teku.
Aikina in ɗebo shi daga Turanci,
in juye shi cikin Sinanci, kada ya zube a hanya.

A shafi na tamanin da huɗu na cije.
Tana da kalma guda
ga ƙasar da sawun mutum bai taɓa takawa ba,
tana furta ta kamar mai addu'a.
Na buɗe ƙamus. Tamu kalmar
gona ce da aka gudu aka bari,
harafin cikinta shi ne na shekarar yunwa.
Kakata ta ci ɓawon itace a ƙarƙashin wannan harafi.
Ta yaya zan sa shi ya yi ƙamshi?

Na tsallake. Gaba kuma ga tsuntsu,
ɗan siriri, mai dogayen ƙafafu,
yana taku a bakin ruwa yana gyaɗa kai.
Ƙamus ya ba ni suna mai sanyi,
irin na jikin kwalba a ɗakin gwaji.

Da asuba na kira Baba, Duan Shoulin,
wanda ya jefa taru a tabkin Dian shekara talatin
kafin ruwan ya koma kore kamar fenti.
Na kwatanta masa. Ya yi tari, ya yi shiru.
Ya ce, "Mai-auna-ruwa kenan.
In ya shiga har gwiwa, kifi na kusa.
Rabona da shi tun ba ki yi wayo ba."
Sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Edita, Madam Qiao, tana son aiki ran Litinin.
Ta ce sunan ƙauye ba ya shiga littafi,
mai karatu a Beijing ba zai gane ba.
Gaskiyarta. Na sa sunan kwalba a sama,
na sauko da na Baba ƙasan shafi,
da ƙananan haruffa, inda laka take.
Dama can wurin zamansa ne.

Marubuciyar tana kukan kogin da ban taɓa gani ba,
ni kuma ina ara mata hawayen tabkinmu,
ban sani ba ko amana ce ko sata.

Rana ta fito. Mai sayar da taliya ya ɗaga ƙofa.
Na koma tamanin da huɗu,
na rubuta kalmomi uku da fensir,
na goge biyu.
Ta ukun ma ba ita ba ce,
amma na bar ta ta kwana,
ko zuwa gobe ta saba da wurin.