Abin da Zai Fita, Abin da Zai Kwana

Ƙarfe tara aka dire min fayil ɗin,
ɗaure da jan zare, shekara talatin da ɗaya yana kabad.
Gara ta ci kusurwarsa, ta riga ni fara aiki.
Oga Mudi ya ce, "Hansatu, kafin Alhamis.
Masu gidan tarihi za su kafa allo a gaban jirgin nan.
Duba mana abin da zai fita da abin da zai kwana."

Jirgin ai kowa ya san shi.
Yana can bayan waya, hanyar filin jirgi,
fiffike ɗaya ya sunkuya kamar kafaɗar ɗan dako.
Masu adaidaita sahu da shi suke kwatance:
in ka wuce mataccen jirgi, ka sha kwana.
An ce don feshin gona aka ƙera shi.
Ni ma haka na sani, har safiyar nan.

Shafi na huɗu ya ƙaryata mu duka.
Kuɗin daga gidanmu ya fita,
ta hannun wani kamfanin gyaɗa
da bai taɓa auna ko tiya ɗaya ba.
Ramin da ke cikinsa ba na maganin ƙwari ba ne,
mazaunin kyamara ne, ido mai leƙen iyaka daga sama.
Tsattsewa suka raɗa masa.

Na ɗauki baƙin alƙalami.
Aikina tambaya ɗaya ce, ina ta juya ta kamar waina:
in an faɗa, wa zai ji ciwo?
Hanyar da ya bi da daddare, na shafe.
Girman gilashin kyamarar, na shafe,
ko da yake wayar ɗiyata ta fi ta gani yanzu.
Sunan wanda ya karɓi hotuna a ƙetare, na danne sau biyu,
yana da jikoki, kuma ƙasarsu ba ta mantuwa.

Sai shafi na sha tara.
Injiniya Barau, ya rasu. Matuƙin, ya rasu.
Ilu mai walda, Ƙofar Ruwa, dangwalen yatsa maimakon sa hannu.
An rantsar da shi, an biya shi, an sallame shi.
Mai gadinmu ya san shi.
Duk bayan Sallah yakan zo bakin ƙofa da kekensa,
ya tambaya ko wa'adin shirun ya cika.
Shekara huɗu ya ɓace wa gidansa a wancan lokaci.
Har yau 'ya'yansa gidan yari suke zato.

Alƙalamin ya tsaya a kan sunansa,
tawada ta taru a baki, ta kusa ɗiga.
Aka kira la'asar. Wuta ta ɗauke, fanka ta mutu.
Na rufe alƙalamin.

Ranar Alhamis Oga ya karanta a tsaye.
Ya bar min Ilu, ya cire sunan hukumar.
"Rubuta wata ma'aikatar gwamnati," ya ce.
Na ce, "Ranka ya daɗe, har mai shayin bakin titi zai gane."
Ya ce, "Ya gane ɗin. Ganewa daban, hatimi daban."

Allon ya tashi da damina.
Layi bakwai, rabin gaskiya, amma babu ƙarya a ciki.
Na je ba a aike ni ba.
Na tarar da tsoho, idanunsa sun cinye a wutar walda,
jikansa na karanta masa, yana tuntuɓe da boko.
Da aka zo kan sunansa ya ce, "Maimaita."
Yaron ya maimaita.
Ya laluba ta cikin waya, ya taɓa ɗinkin ƙarfen ƙasan fiffike,
ya ce, "Nan ne. Bai tsage ba."

Sannan ya juyo inda ya ji takuna.
"Baiwar Allah, ke ta ofis ce?
To rantsuwar fa? An sake ni?"

Na san kowane fom da ke kabad ɗinmu.
Babu na wannan.