Koyon Faɗuwa

Bayan tashar Damagaram, daura da masu walda,
akwai tsohon mangazan gyaɗa
da aka share, aka shimfiɗe da katifu shuɗɗa.
Can na je ran Talata bayan la'asar,
ina jan ƙafa kamar mai zuwa cin bashi.

Yarinya ce a bakin ƙofa, Barira sunanta,
tebur guda, bik guda, kaye mai jan bango.
Ta ce, Baba, wa ka kawo?
Na ce, ni na kawo ni.

Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka.
Ta shiga jero mini kamar dillaliya:
na wata, jika biyu;
wata uku a dunƙule, jika biyar;
'yan lakwal rabi.
Wanda ba ya da ko dala
ya zo da wuri, ya goge katifa, ya cika randa,
sunansa ya shiga kaye kamar na kowa.

Karate da asuba, na 'yan kabu-kabu,
kafin su tada mashin su shiga gari.
Taikwando da marece,
yara masu ƙafa kamar bulalar doki.
Asabar da hantsi a saki labule, na mata ne,
akwai ungozoma a ciki, in ji ta,
da namiji bai isa ya riƙe mata wuyan hannu ba.
Dambe a tsakar fili,
don 'yan dambe ba su shiri da rufi.
Judo bayan isha'i.

Wanne, Baba?

Yarinya, da kin san wanda ke gabanki.
Shekara sha tara ina ɗaura walki.
Daga Tibiri har Madarunfa
bayana bai san ɗanɗanon rairayi ba.
Layu a damtse, ganga na kiran sunana,
Tsahiru, gawo mai wuyar hawa!
An koya mini kamu, an koya mini turjiya,
an koya mini duk abin da ke hana mutum zuwa ƙasa.

Sai bara da damina,
a dokin ƙofar masallacin unguwarmu,
ba abokin karo, ba makaɗi,
santsi kaɗai,
na tafi gaba ɗaya kamar buhun gero.
Hannu ya karye wuri biyu.
Jikanyata ce ta tsinto mini hula.

Ban faɗa mata wannan ba.
Na ce, wanne ne ake faɗuwa?

Metir Nomau ya taso daga katifa,
sa'an ɗana na uku, gumi har gira.
Ya dube ni, na ga ya gane ni,
ya kuwa haɗiye abin da ya gane.
Ya ce, a judo, Baba, wata guda cur
ba ka kayar da kowa.
Haɓa a ƙirji. Tafi ya riga baya isa.
Ka saki numfashi, kada ka yi gardama da ƙasa.

Kada in yi gardama da ƙasa.
Ni da na yi shekara sha tara ba ma ga maciji.

Suka ara mini farar riga mai kauri,
hannunta bai kai mini gwiwar hannu ba,
da farar ɗamara irin ta 'yan farko.
Kusa da ni wani ɗan shekara takwas, Illa,
yana zubewa yana tashi yana ƙyaƙyatawa,
ya ce, Baba, kai ka cika tauri,
duba ni.

Na duba shi.
Na farko, haƙarƙari ya yi ƙara.
Na biyu, na ga kwanon rufi da tsatsarsa
da wata tsattsewa tana kallona.
Na bakwai, tafina ya buga, fau,
na kwanta ina jiran kunya ta zo.
Na jira. Masu walda sun tashi, gari ya yi shiru.
Ba ta zo ba.

Da zan fita Barira ta ɗaga bik:
wata ɗaya za a rubuta, ko uku?
Na kwance bakin aljihu, na ƙirga,
huɗu ne da 'yan canji.
Ta ce, kawo. Saura ka cika randa ran Alhamis.