Bangon da Ke Tsakaninmu

Ni ne Nibaldo, mai gyaran agogo,
hawa na uku, kan wani tudu a Valparaíso.
Shekara arba'in ina cin abinci da kunnena.
Yanzu ido ya gaji, hannu na rawa,
kunnen ne kaɗai ya ƙi ritaya.

Bangon da ya raba ni da maƙwabta
bai kai kaurin tafin hannu ba.
A bayansa akwai Ximena, akwai Aurelio,
akwai Amaro, ɗan wata biyar,
wanda ban taɓa ɗauka ba
amma na san numfashinsa kamar yadda na san tarina.

Jirgin ruwa ya yi gunji daga tasha,
Amaro na barci.
Motar gas ta hau tudu, ana dukan tukwane ƙwal-ƙwal-ƙwal,
karnukan unguwa su karɓa ɗaya bayan ɗaya,
Amaro na barci.
Injin wanki na tsalle kamar ɗan akuya,
rediyo na ihun an ci, an ci,
ko gezau.
Ranar da ƙasa ta ɗan girgiza,
kofuna suka yi ta gaisawa a kan kanta,
miƙa kawai ya yi, ya koma.

Amma bari dare ya raba.
Aurelio ya dawo daga lodin kaya,
ya ajiye makulli a kan tebur,
irin ajiyewar da ta fi jifa nauyi.
Sai raɗa ta fara.
Sun rage murya don kada yaro ya ji:
kuɗin haya, kuɗin wuta,
uwarka ta ce, ke kullum haka kike.
Magana na fita ta tsakanin haƙora
kamar iska daga tayar da ƙusa ta huda.
Sannan tsit.
Cokali na zagaya kofin shayin da ba mai sha.

A nan Amaro ke farkawa.
Ba kukan yunwa ba ne, wannan na san shi.
Wani siririn kuka ne
mai kama da tambaya.

Ina ya san haya? Ina ya san bashi?
Ƙirjin da ya ɗauke shi ya sani:
jiya yana bugawa a natse,
yau yana gudu kamar agogon da aka cika wa wani.
Ya san hannun da ke jijjiga shi
alhali hankalin mai hannun na can bakin ƙofa.

Ina da ɗa a Antofagasta, Leandro.
Sau biyu yake kirana a shekara.
Ya taɓa ce mini, yana kallon takalminsa:
Baba, tun ban iya magana ba
nake gane irin daren da za mu yi
daga takunka a matakala.
Ni kuwa ban taɓa dukansa ba,
ban taɓa ɗaga murya ba, har alfahari nake yi.
Ashe shiruna na da sanda.

Daren Alhamis na ƙwanƙwasa musu ƙofa
da burodi mai ɗumi a cikin takarda.
Na shirya nasiha tun daga ɗakina,
ta zube a hanya, taku shida kacal.
Abin da ya fito shi ne:
ku ba ni shi, ku gangara bakin teku,
ku yi faɗanku da ƙarfi, ruwa ba ya farkawa.

Ximena ta dubi mijinta. Ya ɗauki kwat.

Na kwantar da Amaro a kan aljihun ƙirjina,
inda tsohon agogo ke ƙas, ƙas, ƙas.
Ya kama maɓallina, ya ƙi saki.

Ƙarfe ɗaya saura suka dawo.
Ban san wa ya yi nasara ba.
Idonta ja, nasa ma ja,
ga ƙanshin soyayyen kifi a jikinsu.
Iska ta buga ƙofa, garam!
Yaro bai motsa ba.

Na koma ɗaki, na zauna ban kunna fitila ba.
Waya na kan tebur.
A Antofagasta ma dare ne.