Akwati Goma Sha Bakwai

Ranar Talata aka kawo su, ana yayyafi,
akwati goma sha bakwai a bayan motar kaya.
Tsohuwa Lavinia Thaxter ta biyo su tana dogara sanda,
ta tsaya bakin ƙofa tana ƙirga su da leɓe
kamar mai rakiyar 'ya'ya tasha.
An sayar da gidan, ta ce.
Shekara ɗari da saba'in a bakin kogin Marietta,
wata mai kamawa likitan haƙori zai tare.

Ni ne mai karɓa.
Ɗakina yana ƙarƙashin laburaren kwaleji,
ba taga, sanyinsa ɗaya dare da rana,
wata na'ura na huci a bango don kada takarda ta yi gumi.
Na wanke hannu, na feƙe fensir.
Biro ba ya shiga nan.

Akwati na farko, littafin bashin kanti:
wane ya ci gishiri, wane ya ci ƙusa,
wane ya rasu bai biya ba, an ja masa layi, an yafe.
Na huɗu, wasiƙun wani yaro daga fagen yaƙi,
zancensa duk na safa ne, a aiko masa da safa,
sai ta ƙarshe ta zo da rubutun hannun wani.
Na tara ya sha ambaliya,
tawada ta narke ta koma gajimare,
suna ɗaya ya tsira a tsakiyar shafi: Orpha.
Na tambayi tsohuwa, ta ce ba ta taɓa jin ta ba.
Duk da haka na ba ta lamba.

Cokulan azurfa shida, ɗaya ya lanƙwashe.
Gashin jariri a ambulan.
Agogon aljihu da ya tsaya uku saura kwata,
da mabuɗin da ƙofarsa ta riga shi barin duniya.

"Mista Nalado," ta ce, "wa zai karanta?"
Na ce wataƙila wata ɗaliba, bayan shekara arba'in,
wataƙila ba kowa.
A garinmu ana cewa ajiya maganin wata rana,
amma ba a faɗi wace rana ba.
Ta yi dariya har ta yi tari.

Ban gaya mata labarin adakar kakana ba.
Bafatake ne, ya taka Gwanja sau tara da jakuna,
ya rubuta kowane zango da ajami,
kuɗin goro, kuɗin fito, sunan wanda zazzaɓi ya kayar a hanya.
Bayan sadakar arba'in muka fasa kwaɗon.
Gara ta riga mu karatu.
Ƙasa muka tarar, mai laushi kamar garin tuwo,
Inna ta kwashe da tsintsiya ta zuba gindin lemo.
Shekarata goma sha ɗaya, ni na riƙe mata faranti.

Shi ya sa nake zare kilif mai tsatsa a hankali,
nake hura ƙurar wasiƙar mutanen da ba su san da ni ba,
nake kwantar da matattun wasu
a fararen fayiloli, kowa da makwancinsa.

Ranar sa hannu ta zo da jar riga da turare.
Ta karanta takardar sau biyu, ta rattaba.
Ina juya baya zan ɗauko hatimi
na hango ta a gilashin kabad
ta zare lanƙwasasshen cokalin nan
ta cusa a hannun rigarta, fuska ba ko gezau.

Na raka ta har mota, na riƙe mata lema.
Na dawo ƙasa, na ɗauki abin gogewa.
Inda na rubuta shida
na mai da shi biyar.